Wasu Na Cewa Mai Gurasa Ne

Allah Ya yi wa kwarinmu baiwa biyu: ruwan dutse mai sanyi, da Shahsawar Khan, wakilin rediyon birni a fagen yaƙi. Mutum ne adali, wanda ko gaskiya ba ta taɓa rinjayarsa ba. Rigar sulkensa ba ta barin jikinsa ko a gidan biki, ga ta fes, ba ta san ƙura ba. Sikeli Sahib muke kiransa, wato Malam Sikeli, yana kuwa amsawa.

"Ɗan jarida ba shi da dangi," in ji shi. "Kowace magana fuska biyu gare ta. Wanda ya ga ɗaya, bai duba da kyau ba." Ya ji an ce manyan gidajen rediyon Turai irin wannan bakin suke ɗauka aiki, har ya sayi akwatin tafiya.

Ranar da harsashin igwa ya faɗa tanderun Zarwali mai gurasa ya kashe shi, Sikeli ya iso gidan makoki da na'urarsa ta ɗaukar magana. Kowa ya ɗaga hannu ana fatiha, shi ya naɗe nasa a ƙirji, kada a ce ya ɗauki ɓangare. Aka miƙo koren shayi, ya kau da kai.

Tsoho Torgul, uban mamacin, ya kama masa haɓa, yadda muke yi in roƙo ya kai maƙura. "Ɗana, tun kana rarrafe kake cin gurasar gidan nan. Ka faɗa a rediyo mai gurasa ne. Ka san doka: in aka ce ɗan bindiga ne, sojoji za su rushe gidan, ga jikokina a ciki."

"Baba, abin da ciki ya sani daban, abin da aiki ya sani daban. Sai na ji ɗaya ɓangaren."

Ɗaya ɓangaren yana bariki, inda ake gasa rago. A nan Sikeli bai kau da kai ba, bincike ne. Kanar ya suɗe yatsa ya ce, "Kuskure ne, Sahib, yarana ne suka saɓa saiti. Mai gurasa ne, wa bai sani ba? Ƙara nama."

Sikeli ya ajiye naman. Ɓangare biyu, baki ɗaya! Wannan ai sanarwar rasuwa ce, ba rahoto ba. Wa zai kira mutum Turai a kanta? Ya zaga kasuwa neman mai musu. Har mahaukacin bakin gada ya ce mai gurasa ne.

Amma gwani ba ya rasa dabara. Da la'asar muryarsa ta cika kwarin: "Wasu na cewa mai gurasa ne. Sai dai masu lura da al'amura na tambaya, me ya sa tanderunsa ke hayaƙi tun kafin asuba?"

Masu lura da al'amuran nan mutum ɗaya ne, mai rigar sulke fes.

Kanar ya ji. Tunda rediyo na shakka, shi wane ne da zai yi tabbas? Kuskure ya wayi gari ya zama nasara, katafila ta zo da hantsi.

Sikeli ya iso kafin ƙura ta kwanta. Tsohon na zaune kan gadon igiya a tsakiyar titi, jikoki sun kewaye shi. "To, ɗana, wannan kam ka gani da idonka."

Gani ya kori ji, in ji waɗanda ba su yi karatun jarida ba. Sikeli ya kunna na'ura, ya yi gyaran murya.

"Iyalan na zargin an rushe musu gida. Kawo yanzu ba mu iya tabbatar da hakan ba."

Ya gyara tsayuwa a kan ƙyauren ƙofarsu.