Randar Inna Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Yahuza Barau, tela, mazaunin unguwar Limawa a cikin Dutse, a madadin iyalan marigayi Malam Barau na Taura, ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidanmu ya sha ruwa, rasuwar randar mahaifiyata. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar bazarar nan, tana da shekara hamsin da biyu a duniya.

Na san wasu za su yi dariya. Ban hana ba, ni ma da randar wani ce da na yi. Amma a daure a karanta har ƙarshe, domin akwai roƙo a ciki.

An haifi marigayiyar a Taura, a hannun gwaggon Inna wadda ta yi suna wajen ginin tukwane, a shekarar da aka daina kashe fam aka koma naira. Tare suka shiga gidan aure da Inna. Kwanoni sun yi tsatsa, gadon ƙarfe ya karye, tasoshi an raba wa 'ya'ya mata, ita kaɗai ta rage. Da muka taso zuwa Dutse, a bayan akori-kura aka kawo ta. Inna ta ƙi shiga gaba, ta zauna a baya ta rungume ta cikin tsummoki tun daga Taura har Limawa. Tun ranar da aka kafa ta a kusurwar rumfar ɗakin Inna, gindinta cikin yashi, ba ta sake motsawa ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da yawan buƙata. Ba ta taɓa tambayar ko an kawo wuta ba. Firji biyu sun shigo gidan nan da fankama, sun mutu a gabanta, tana zaune tana gumi. Sanyin ruwanta ba irin mai kama haƙori ba ne, irin wanda yake sauka har ƙirji ne ya tsaya. Sabulu bai taɓa shiga cikinta ba. Kowace Juma'a Inna takan kwashe ruwan, ta wanke ta da tafin hannu, ta saukar da kaskon turare a ciki ta rufe da faifai, sannan a cika ta a jefa saiwar jema. Wanda ya sha sau ɗaya yakan gane ruwan gidanmu ko da ido a rufe.

Tana da murya, kuma wannan ne abin da ya fi damuna yanzu. In tana cike aka tsoma moda, sai ta ce ƙulum. In ta yi rabi sai ta ce ƙulum ɗin daga can nesa, kamar mai amsa sallama daga ƙuryar ɗaki. In ta kusa ƙarewa sai ta ce ƙarr. Shekara shida ke nan da idon Inna ya tafi, da wannan murya take sanin halin da gida yake ciki. Takan kira mai ɗakina ta ce, "Radiyya, 'yar'uwata na jin ƙishi." Da safe kuma kafin ta gaisa da kowa, sai ta ƙwanƙwasa mata zoben azurfarta a kafaɗa. Tinn. Gaisuwarsu ke nan.

Ya kamata in faɗi halin da Inna take ciki, don a fahimci girman rashin. Mantuwa ta fara kama ta. Takan yi azahar sau biyu. Takan kira 'yata Safina da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ban yi wayo ba. Amma ba ta taɓa ɓatan hanyar randa ba: taku tara daga bakin ƙofarta, ba sanda, ba jagora. Kuma ba ta shan wani ruwa sai nata. Fiya wata ta ce warin roba yake yi. Na firji ta ce ruwan gawa ne. Tun rasuwar Malam, shekara goma sha ɗaya, kullum da azahar takan ciko babban kwano ta sa a ajiye a bakin zaure, sadaka gare shi, duk mai wucewa ya sha.

Marigayiyar ba ta yi doguwar jinya ba. A nan ne dole in faɗi gaskiya, ko da a takardar rasuwa ba a saba ba. Ni ne ajalinta.

Mako biyu kafin rasuwar, Inna ta zame a jiƙaƙƙen yashin gindin randar ta faɗi a kan kwankwasonta. Allah ya tsare ba ta karye ba. Amma ni hankalina ya ƙi kwanciya. Ina kan keken ɗinki ina ganin ta a ƙasa. Sai na yanke shawarar a yi wa wurin daɓen siminti, na kira Mika'ilu birkila. Radiyya ta tsaya a bakin madafa da ludayi a hannu ta ce, "Malam, randar da ta yi shekara talatin a zaune ba a ɗaga ta. Ba ita ke riƙe da kanta ba, ƙasar ce." Na ce mata kwana ɗaya ne kawai, gobe za a mayar. Ta ce, "To, kai ne mai gida." Ta koma ciki.

Muka jira Inna ta tayar da sallar walaha. Muka kwashe ruwan, muka tone yashin. A nan muka tarar da abin da ban sani ba: ƙananan saiwoyin darbejiyar tsakar gida sun biyo ta ƙarƙashin ƙasa sun naɗe gindinta kamar raga. Shekara da shekaru bishiyar tana shan guminta, saiwoyin kuma suna riƙe da ita. Na sa almakashina na yanke su. Na kama baki, Mika'ilu ya kama ciki, muka yi bisimilla muka ɗaga.

Ƙas.

Maganarta ta ƙarshe ke nan. Ba ta fi ƙarar fasa goro ba. Ta rabe gida biyu tun daga baki har gindi, rabi a hannuna, rabi a hannunsa. Mika'ilu ya ce, "Wallahi Malam Yahuza ban matsa ba." Daga cikin ɗaki, Inna, matar da sai an kira ta sau uku take ji, ta sallame salla ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kun ɗaga ta."

Marigayiyar ta rasu ta bar moda ɗaya mai lanƙwasasshen hannu, da faifai mai ƙamshin turare, da darbejiyar da ganyenta na gefen rumfa ya fara yaushi. Ta bar 'ya'ya bakwai da ta shayar, biyar muna raye, da jikoki da yawa. Ta bar masu keke da masu tura ruwa da 'yan kasuwar da har yau suke rage tafiya a bakin zaurenmu su dubi inda kwano yake zama. Sannan ta bar Inna.

Ranar Talata Inna ba ta sha ruwa ba. Ranar Laraba na hau babur na je Kiyawa na zaɓo randa mafi kyau da na gani. Aka wanke, aka turara, aka jefa jema. Na jawo hannun Inna na ɗora a kai. Ta ƙwanƙwasa zobe, ta saurara, ta ce, "Wannan ba ta san ni ba." Ta koma ɗaki. Radiyya ta yi kunu, ta sha cokali huɗu. Muka ce lemo, muka ce kankana, ta kau da kai. Ga zafin Dutse, duwatsun nan suna mayar da rana kamar tanda. Ranar Alhamis leɓenta ya tsage. Maƙwabciyarmu Nana Aisha, malamar asibiti, ta shigo ta tsunkuli fatar hannunta, fatar ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. Ta ja ni zaure ta ce, "Baban Safina, in ta kai gobe da la'asar a haka, sai ƙarin ruwa. Kuma tsohuwa irin wannan, in ta kwanta a gadon asibiti, ba kowace ce ke sake sanin gida ba."

Abin da ba zan manta ba shi ne wannan. A duk kwanakin nan Inna ba ta daina zuwa ba. Takan fito, ta yi takunta tara, ta sunkuya inda babu komai sai sabon siminti, ta tsoma moda a iska, ta kai baki, maƙogwaronta ya motsa. Ta ce alhamdu lillahi. Safina ta gani sau ɗaya ta shiga ɗaki da kuka. Kuma daɓen ya bushe ko'ina, ban da da'irar da marigayiyar ta zauna. Har yau da danshi. Mika'ilu ya ce ruwan shekaru ne ke tasowa daga ƙasa, zai wuce. Wataƙila. Ni dai na san da azahar, ina shago, keke na gudu, janaretan maƙwabci na ruri, nakan ji ƙulum a bayana sarai, har in ɗaga ƙafa daga feda in waiwaya.

Ranar Juma'a da hantsi, lokacin da ta saba yi mata wanka, Inna ta ce a kawo mata gawar. Na ɗauko ɓari biyun na ajiye a gabanta a kan tabarma. Ta bi bakin tsagar da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta sake bi. Ta ce, "Ta fashe da kyau. Ko ɓarɓashi bai zube ba."

Sannan ta ce, "Yahuza."

Ni ne ɗan fari. Shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wannan" take ce mini, ko gaban baƙi. Da na ji shi sai na zauna a ƙasa.

Ta ce, "Ranar da za ku kai ni, kada a sayi tukwanen maƙabarta. Da wannan za a rufe ni kafin a zuba ƙasa. Rabi wajen kai, rabi wajen ƙirji. Sauran wurin ku cike da abin da kuka samu."

Na ce, "Inna, don Allah ki bar wannan magana."

"Shekara hamsin tana sanyaya mini ruwa, ƙasa ce za ta gagare ta? Ka yi alkawari ko ba ka yi ba?"

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ce, "Sai kin sha ruwa."

Ta yi dariya, busasshiyar dariya mai tari. Ta juya wajen Radiyya ta ce, "Kin ji tela. Da uwarsa ma sai ya yi ciniki." Ta miƙo hannu ta ce, "Faɗi naka tukuna."

Na yi alkawari. Radiyya shaida, Safina shaida. Aka ɗebo daga sabuwar randa, Inna ta riƙe modar da hannu biyu, ta sha rabi. Muna tsaye muna kallon maƙogwaronta kamar masu duban wata. Ta yamutsa fuska ta ce, "Ɗanya ce. Ƙasa-ƙasa take yi. Randa ba ta yin hankali sai ta shekara goma a hannun wadda ta iya."

Na ce, "To sai ki tsaya ki koya mata."

Ta dai shanye sauran.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. An riga an yi wa marigayiyar sutura da tsohon zanen saƙi na Inna, an kwantar da ita a kan buhunan gero a ɗakin ajiya, inda yara ba sa shiga. Ba za a binne ta yanzu ba. Ba a sa rana ba, kuma ba mu ne za mu sa ba. Rana ɗaya za a kai su, rami ɗaya.

Ana karɓar gaisuwa kullum bayan la'asar a gidan Malam Barau, Limawa, gida mai darbejiya bayan injin niƙa. Ga roƙona ga masu zuwa. Kada a kawo fiya wata, kada a kawo lemon kwalba. Wanda yake da saiwar jema mai kyau ya taho da ita. In kun zo ku shiga har rumfa ku gaida Inna, ku nemi ruwa da bakinku, ku sha daga sabuwar randa a gabanta yadda za ta ji, ku yaba ko da ba ku ji daɗinsa ba. Mun lura ba ta iya barin baƙo ya sha shi kaɗai, kunya takan sa ta kurɓa. Jiya baƙi biyar suka zo, ta sha moda biyu da rabi. Shekaranjiya ba wanda ya zo, ɗaya ta sha.

Wanda kuma yake da tsoho a gida, in ya ga wani abu da ya daɗe a zaune a kusurwa, ya tambaya kafin ya ɗaga.

Yau da safe Inna ta yi takunta tara, ta ƙara biyu zuwa inda sabuwar take. Ta ƙwanƙwasa mata zobe. Sannan ta juya fuskarta wajen ɗakin ajiya, inda ba wanda ya gaya mata an kai gawar, ta ce, "Ki ƙara haƙuri, ina da ɗaliba."

Allah ya ba ɗalibar nan taurin kai. Allah ya sa ta daɗe ba ta iya ba. Duk wanda ya karanta wannan sanarwa, ya taya mu addu'a Allah ya jinkirta wannan jana'iza.

Yahuza Barau, a madadin iyali,
Limawa, Dutse.