Kiyashin Goggo Sun Shiga Jami'a

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Goggo ta tona mini asiri, tana murmushi, tana zuba wa baƙuwa shayi.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, can hayin Girei, aka haɗa ni da wata malama mai binciken ƙwari, Dakta Hadiza. Ita duk duniya ba abin da ya dame ta kamar wani baƙon kiyashi da ya shigo gari cikin kayan 'yan kasuwa, yana korar tururuwan da muka sani. Ta bayyana mini cewa tururuwan gida biyu in sun haɗu faɗa suke yi. Su kuwa waɗannan baƙin, a wasu ƙasashe an ga ƙwayoyin halittarsu sun yi kama ƙwarai, har na wannan gari da na wancan suna ɗaukar juna 'yan gida ɗaya. Tana so ta san ko haka abin yake a wajenmu. Aikina shi ne in ɗebo kiyashi daga Girei, Mbamba da Namtari, kowane wuri da kwalbarsa.

Lokacin kuwa ana tsakiyar rikicin 'yan tada ƙayar baya, mutanen Mubi da suka gudo sun cika Yola, shingen sojoji ko'ina. Ranar farko a bakin gada soja ya zazzage jakata, ya ɗaga kwalba yana tambayata mene ne wannan. Na ce gidan kiyashi ne. Irin kallon da ya yi mini ya sa na juya na koma gida ban ɗebo komai ba. (Da wannan nake kare kaina har yau, amma gaskiya har da lalaci. Zafin ranar Namtari ba na wasa ba ne.)

A Jimeta nake zaune wajen Goggo, yayar babana. Washegari na buɗe gwangwanin sukarinta, sai ga su nan jingim, irinsu sak. Na cika kwalabe uku, na rubuta wa kowace sunan garinta da rubutuna mai kyau.

Malama ta haɗa su a faranti ɗaya, ko hararar juna ba su yi ba. Ta aika wasu gwajin ƙwayoyin halitta, sakamako ya dawo cewa kusan babu bambanci tsakaninsu. To ina za a samu bambanci, su da suka tashi a gwangwani ɗaya? Ban taɓa ganin babbar mace tana murna haka ba. Ta ce daga Girei har Namtari gida ɗaya ne, har da tsallake kogin Binuwai, kuma za ta gabatar da wannan a taron masana da sunanta da nawa. Kullum sai in ce gobe zan faɗa mata, goben ta zo in ga fara'arta in kasa.

Ana saura mako guda taron, ta ce bari ta rage mini hanya, ta kuma gaida mai gidan da ta riƙe mata ɗaliba. Goggo ta shimfiɗa darduma tana yi mata maraba da Fulatanci, tana ta "Jaɓɓama, jaɓɓama," ta kawo shayi, ta ajiye gwangwanin a tsakiyarmu.

"Malama, ki duba sukarin kafin ki zuba," in ji Goggo. "Ɗalibanki suna ciki."

Malama ta yi dariya, ba ta gane ba. Ni kuwa na gane sarai. Na taka ƙafar Goggo, ta janye abarta ta ci gaba.

"Ai duk kiyashin da yarinyar nan take kai muku, nawa ne. Kwalba uku ta cika a nan, ni na riƙe mata murfi. Na hana kowa fesa magani. Na gaya wa maƙwabta, mu gidanmu har kiyashi ya shiga jami'a."

Malama ta dubi gwangwanin, ta dube ni. Na so ƙasa ta tsage. Ta shanye shayinta tas, ta yi godiya da Fulatanci ta ce, "Useko, Goggo, kin taimaki bincike fiye da yadda kike zato." Goggo ta ji daɗi har ta ƙulla mata sukari a leda, wai ko za a buƙaci ƙari.

A bakin mota na fara kuka da ba da haƙuri. Ta ce, "Da na tsaya gaban mutane da wannan, da sunana ya gama lalacewa. Kin san haka?" Na ce na sani. Ta ce, "Gobe ƙarfe bakwai, Namtari. Ki sa takalmin gona."

Ta janye takardarta daga taron. Wata biyu muna yawon gonaki ni da ita, ita ke yi wa sojoji bayanin kwalabe. Da muka haɗa na Namtari na gaskiya da na Goggo, suka kaure da faɗa nan take, babban bincikenmu ya bi ruwa. Na kammala bayan 'yan ajinmu da zango guda, Malama kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Ita ce ma ta rubuta mini takardar shaida lokacin da nake neman aiki, abin da har yau yake ba ni kunya fiye da zagi.

Goggo ta rasu ba ta san abin da ta yi ba, ni ma ban ga dalilin ɓata mata labarinta ba. Abin da na koya dai shi ne, in mutum ya ƙuduri yin ƙarya, to kada ya yi ta a gidan da ake alfahari da shi.