Iskar Da Na Ajiye A Kwali

Ko tsufa ya sa na manta lambar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da ranar da na diro daga kan benci a gaban Malama Rifkatu ba.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Narayi, kuma ina da ciwon karanta abin da ba wanda ya tambaye ni. Tun ina yaro a Trikania, ina buga ƙwallo da takalmin taya, nake mafarkin tafiyar da ƙasa ba za ta san an taka ta ba. Da yayana ya aiko mini da kambas daga Legas, mai 'yar taga a dunduniya inda ake hango jakar iska, sai na ga ai wannan ya fi ƙarfin titin Narayi. Na mayar da shi kwali, na ɗora saman wadrob. Shekara tara. Jefi-jefi nakan sauko da shi, in leƙa tagar nan kamar mai duban wata, in mayar.

Rifkatu ita ce malamar wasanni. Zango uku ina tsara maganar da zan yi mata, ina gyara nahawu (abin da ya taɓa fita bakina bai wuce tambayar ko an tashi lafiya ba). Da aka ba ni lacca ranar baje kolin kimiyya, sai na zaɓi tarihin laushin takalmin gudu, don ta san ni ma ba baƙo ba ne a filinta.

Na bayyana yadda da farko roba ce zalla, gwiwa ke shan wuya. Sai aka cusa soso tsakanin ƙafa da ƙasa. Sai wani ya kama iska ya kulle ta a jaka. Daga baya aka zo da wani abu mai danƙo kamar kokon da ya huce, sannan sabon soso mai mayar wa mai gudu ƙarfinsa. Na ce duk wannan wahalar, ɗan Adam gajimare yake son takawa. Fanka na juyawa a hankali, muryata na yawo a zauren, na hango Rifkatu ta tallafe haɓa. A cikin kaina har mun yi aure, muna sassarfa a hanyar Mahuta da yamma, ƙafafunmu ba sa taɓa ƙasa.

Sai na hau benci, sanye da kambas ɗin nan da ban taɓa takawa ba sai ranar, na ce kowa ya dubi dunduniyata. Na diro.

Wani ɗan "fus" kawai na ji. Soson ya marmashe kamar tsohon ƙuli-ƙuli, garinsa ya watsu har gaban shugabar makaranta. Tafin takalmin ya tsaya inda na sauka, ni na ƙara taku biyu, igiya a ɗaure, safa a kan siminti. Jakar iskar ta sulale ta tsaya daidai ƙafar Rifkatu. Shugabar ta cire tabarau, ta tambaya ko wannan ma yana cikin tarihin.

Bayan an watse Rifkatu ta kawo mini jakar, ta tambayi shekarun takalmin a ajiye. Na faɗa.

"Haba Malam. Irin wannan soson in ba a taka shi, danshi ke cinye shi a kwali. Ajiya ce ta kashe shi."

Na san haka fa, na karanta. Na dai ɗauka takalman wasu ake nufi.

Nan take na ga gara in sauko da ɗaya kayan ajiyar. Na gyara murya, na zayyana mata duk abin da ke zuciyata, ina tsaye da safa. Ta saurare ni har ƙarshe (mace ce mai tarbiyya), sannan ta buɗe jakarta ta miƙo mini kati. Bikinta ne, wata mai zuwa. Ta ce a zangon farko ta ɗan jira ni, sai ta ɗauka gaisuwa ce kawai sana'ata.

Na je bikin da tsohon takalmina na kullum, wanda bai san tarihi ba amma ya kai ni ya dawo da ni. Yanzu in na sami abin da nake so, takalmi ne ko magana, a ranar nake fita da shi, ko da Narayi ta kwana cikin taɓo.