Kwalaben Kaka Sun Iya Jamusanci

"Lafiya lau, amaryar da ba ta gaisuwa sai an roƙe ta!"

Tun daga ƙofa kakanta ya tare ta. Nas ce, wata uku ke nan tana koyon Jamusanci saboda aikin asibiti da aka yi mata tayi a Jamus. Da yake lokaci ya yi mata kaɗan, sai ta manna kalmomin a jikin kwalaben maganin tsohon, tana ba shi magani tana bitar su. Yau kuwa da niyyar ɓare su ta shigo. Ta fasa tafiyar, don in ta tafi wa zai ba shi magani?

"Ango mai haƙori uku, ina ka je takalminka ya yi futu-futu?"

"Kantin magani. Wir sind ɗina ya ƙare."

"Me ya ƙare?"

"Wir sind mana, 'mu ne', farin nan na hawan jini. Mai kantin ya saki baki galala, sai da na nuna masa kwalbar."

"Wayyo, ka tona mini asiri a unguwa! Kawo in ɓare, ai na fasa zuwa."

Ta miƙa hannu, ya kare kwalaben da sandarsa.

"Raguwa! Zomo ba ya kamuwa daga zaune."

"To wa zai kula da kai? Bara maganin ido ka kusa sha."

"Bara bara ce. Kasa kunne. Ich bin, 'ni ne', ɗaya da safe. Du bist, 'ke ce', bayan abinci. Er ist, 'shi ne', mai ɗacin nan irin halinki, rabi. Wir sind, safe da yamma."

Ta bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ko ɗaya bai kuskure ba! Ashe sati biyu ke nan kafin ta tashi ya riga ya jera su da kansa, ita tana zaton mai shara ce. Tsohon ya burge ta har idonta ya kawo ruwa.

"Kai, Kaka! Ni fa har yau ihr seid, 'ku ne', da sie sind, 'su ne', rikita ni suke."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya. Ki ce likita ya ƙara mini ciwo biyu, in haddace miki su."

Ta tuntsire da dariya. "Allah ya kiyaye! Na sallama, ango."

Ya tura mata sabuwar kwalbar da biro.

"Rubuta da manyan baƙi, yadda zan gani ko ba kya nan."

Ta rubuta wir sind ɓaro-ɓaro, ta manna masa.