Likitan Fenti da Ƙofar Motar Baba

"Ni fa fenti yana jin maganata. In na ce masa kwanta, kwanciya yake yi."

Mai Faci ne ke wannan cika baki, yana tsaye a ƙarƙashin rumfarsa ta langa-langa, ya ɗaga wani ɗan inji sama kamar wanda ya ciyo kofi. Kai ma ka san irin mutumin, abokina. Shekara da shekaru aikinsa liƙe taya da hura mata iska, kuma a nan ɗin ba laifi. Sai ranar nan ya kalli wani bidiyo a waya, rabi ma ya kalla data ta ƙare, ya wayi gari ya ce daga yau sunansa Likitan Fenti.

Injin bai fi tafin hannu ba, da ɗan soso a bakinsa. Ba ya cin wuta, iska yake ci. A jona masa tiyo daga tukunyar iskar da ake hura taya, soso ya kama juyawa, a ɗiga man goge fenti, a bi jikin mota a hankali har karce ya ɓace. Wannan "a hankali" ɗin tana cikin rabin bidiyon da gogan bai kalla ba.

Tela, maƙwabcinsa, ya leƙo daga bayan keken ɗinki ya ce, "Likita, ka taɓa gwada shi kuwa?"

"Jiya na gwada a murfin tukunyar gidana."

"Ya yi kyau?"

"Yanzu ba sai an buɗe ba ake ganin abin da ke ciki."

Suna cikin haka sai ga surukin Mai Faci, Baba, tsohon direba, a cikin baƙar motarsa. Motar nan kuwa Baba da hularsa yake goge ta. Ya fito fuska ba walwala, ya nuna ƙofar direba. Keken jikansa ne ya karce ta, ɗan siririn karce kamar gashin gira, sai ka karkata kai ka rufe ido ɗaya za ka gan shi.

Baba ya ce, "'Yata ta ce ka zama likita. In ka cire mini wannan, shagon nan na ƙofar gidana da na yi wa sabon fenti, naka ne. Ka huta da wannan rumfa mai yoyo."

Mai Faci ya washe baki. Gaskiya yana son shagon nan kamar ransa, ya gaji da tara ruwan sama a bokiti yana liƙe taya. Ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, je ka yi askinka. Kafin ka dawo, a ƙofar nan za ka duba ko wanzami ya yi daidai."

Baba ya tafi, yana tafe yana waiwayen motarsa.

To, mai faci a duniya bai taɓa yarda iska tana yawa ba. Ya murɗa kan tukunya har ƙarshe. Ya matse rabin kwalbar man a kan soso. Yana taɓa maɗanni, injin ya yi wata ƙara, man ya tashi sama ya sauka a kan Tela da farin yadin da yake yanka.

"Wannan fa?" in ji Tela, yana share ido.

"Gaisuwa ce. Haka yake fara aiki."

Sannan ya ɗora soso a kan karcen. Ka san yadda ake faci: a danna wuri ɗaya, a riƙe, kada a motsa sai ya kama. Haka shugaban gwanaye ya yi wa fenti. Ya danna da hannu biyu, ya ƙara da kafaɗa, ya tokare ƙafa da tsohuwar taya, har yana cije leɓe.

Tela ya ce, "Ina jin ƙauri."

"Karcen ne ke ƙonewa."

Da ya ɗaga injin, gaskiyarsa, karce ya tafi. Ya tafi da fentin, ya tafi da maƙwabtan fentin. A wurin sai wata da'ira mai launin toka, faɗin bakin kofi, tana kallonsa.

Idon Mai Faci ya ga ɓarna, amma bakinsa bai sani ba. Ya ce, "Wannan shi ake kira mataki na farko. Yanzu sai a shafe gefe-gefen ya saje."

Ya bi gefen. Bakin kofi ya zama bakin kwano. Ya sake bin gefen kwano, ya zama faranti, tsakiyarsa har ƙarfe ya fito yana walƙiya.

"Ka ga ƙyalli?" in ji shi.

"Na gani. Amma da can baƙa ce motar, ko?"

Bai samu amsawa ba aka ɗauke wuta. Tukunyar iska, da yake ita da wuta take aiki, ta yi ɗan nishi ta yi shiru, soso ya tsaya cak. Da wani ne, da ya gode wa Allah da ya tsayar da ɓarnar a nan. Gogan naka kuwa ya dubi motar, ya dubi tayoyinta huɗu cike fam da iskar da shi da kansa ya hura, ya yi murmushi.

"Tela, ilimi daɗi. Iskar mota ce za ta gyara mota."

Ya cire tiyo ya jona a bakin tayar gaba. Soso ya yi juyi kaɗan, taya ta kwanta. Ya koma ta biyu. Motar ta durƙusa da gaba kamar saniya za ta kwanta. Ya bi na baya su ma ya tsotse su tas. Da ya gama, mota tana zaune a ƙasa, faranti kuma ya zama tire.

Ya hango shagon nan mai sabon fenti yana ɗaga masa hannun bankwana. Sai idonsa ya faɗa kan akwatin aikinsa, ga robar faci baƙa wuluk. Mota baƙa, roba baƙa. Ya ce ai magana ta ƙare. Ya yanko roba faɗin tire, ya shafa gam, ya hura shi da baki ya sha iska, ya manna a ƙofar, ya bi shi da guduma don ya kama sosai. Ƙofar ta lotsa, amma faci ya kama.

Tela ya zagaya ya duba da idon sana'a, ya ce, "Mu dai a ɗinki, in ka sa aljihu a dama, sai ka sa a hagu. In ba haka ba kowa ya san kuskure ne."

"Yau ka yi magana."

Mai Faci ya zagaya ɗaya ƙofar, lafiyayya da ba ta yi wa kowa komai ba, ya manna mata nata facin, ita ma ya ba ta guduma.

Sai ga Baba, kai sumul, yana ƙamshin sabulun aski. Ya wuce motar bai gane ta ba, don ya bar ta a tsaye. Ya dawo da baya. Ya dubi tayoyi, ya dubi ƙofa. Ya zagaya ya dubi ɗaya ƙofar. Ya tsuguna, ya lashi yatsa, ya shafa yawu a gefen facin yadda ake gwada taya, ya kara kunne ya saurara.

"Madalla," in ji shi. "Ƙofar ba ta yoyon iska."

"Baba, ai karcen ya fita."

"Ya fita, ɗana. Ko ni ban san inda yake ba yanzu."

Baba ya shiga shagon Tela ya jawo kujera, ya zauna a inuwa. Ya sa aka aro famfon keke, ya miƙa wa surukinsa, ya nuna masa tayoyi huɗu. Likitan Fenti ya cire riga ya kama bugu, mutanen layi suka taru suna ba shi shawara. Can da numfashi ya ɗan dawo masa, ya ɗago kai a hankali.

"Baba, to maganar shagon fa?"

Baba ya cire hularsa, ya goge ɗan fentin da ya rage a ƙofar, ya mayar da ita kansa.

"Shagon yana da fenti, ɗana. Tsoro nake ji ka gyara shi."