Rasuwar Turmin Inna Shafa'atu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsa a miƙe kan Sabiru mai koyar da ɗaga ƙarfe a bayan tasha, domin shi ya yi kisan, Inna Shafa'atu ta Tudun Wada, Gusau, tana sanar da 'yan uwa na Tsafe da Bunguɗu rasuwar turminta. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara talatin da huɗu.

An sassaƙa marigayin a Bilbis da icen ƙirya, ya rako ta gidan miji. Mai haƙuri ne. Kullum dukansa ake, bai taɓa kai ƙara ba, iyaka ya ce dum, dum, maƙwabta su san Inna ta tashi lafiya.

Ga yadda ajali ya zo. Tun da aka ba Zamfara jiha, mijinta Alhaji Attahiru ya samu kujera a ofis, tumbi ya riga shi shiga ɗaki. Likita ya ce jininsa ya hau, ya riƙa tattaki kaɗan-kaɗan, yana ƙarawa duk mako. Alhaji ya ga girmansa ya wuce yawo a ƙasa. Ya je ya zaɓo mai horarwa kamar mai zaɓen ragon layya: ya dubi ƙirji, ya dubi damtse, shi ke nan. Bai tambayi wa ya koya masa ba, balle wa ya taɓa horarwa ya rayu.

Shi ma Sabirun bai tambayi shekarun Alhaji ba, bai tambayi gwiwa ba. Ranar farko, Inna na gidan suna, ya kife marigayin a tsakar gida, ya ce Alhaji ya hau ya sauka sau ɗari. Mutumin da ko masallacin ƙofar gida sai da mashin! Marigayin, bawan Allah, ya daure hawa takwas. A na tara ya ce ƙarrras, ya rabe biyu. Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Alhaji ya tsira da targaɗe, yana kwance, abincinsa bai ragu ba.

Marigayin ya bar taɓarya ɗaya, tana takaba jingine da bango, da rariya, da faifai biyu, da baki goma sha ɗaya masu jiran fura. Ya bar Inna, da furfurarta, tana bin gidaje aron turmi, abin da ba ta taɓa yi ba ko tana amarya. Jiya wata yarinyar da Inna ta isa ta haifi uwarta ta ce mata ta jira layi.

Za a kai gawar maƙera ranar Asabar da safe, a yi gawayi da ita, don Inna ta rantse ƙirya irin wannan ba za ta ƙare a gindin tukunyar wake ba. Ana karɓar gaisuwa a zaure. Mai zuwa ya zo da garinsa a dake.

Daga maƙera kuwa sai ƙofar mai unguwa. Ana so Sabiru ya zo can da ƙafarsa, da ƙirjin nan nasa, da sabon turmin ƙirya a ka, ba a mota ba. Ya tsaya gaban dattawa ya faɗi sunan malamin da ya koya masa taka abincin mutane. In bai zo ba, Inna ta san hanyar bayan tasha, kuma taɓarya ta ce za ta fita takaba ta raka ta.