Taka, Saki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gwajin aiki a wata masaƙa a Sharada ba, zamanin ina sabon fitowa daga makarantar koyon sana'a. Takardata ta gyaran wutar mota na cikin leda, kaina kuwa ya fi ƙarfin hulata. Ni a lokacin, masu gyaran wuta na bakin titi ma ba na gaishe su da kyau, wai su lalube suke, ni kuwa ilimi ne.

Tun da asuba na taso daga Panshekara a keke, da akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Foman ɗin garejin masaƙar, Alhaji Garba, bai ko kalli takardar da na miƙa masa ba. Ya nuna min wata farar a-kori-kura, ya ce, "Fitilar birkinta ba ta kamawa, jiya 'yan sanda suka tare ta. Bayan azahar za ta kai kaya tashar jirgi. In ka gyara, aiki naka ne. In ka kasa, akwai mutum biyu suna jira."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a fara loda kayan." (Ku ji fa, ko motar ban taɓa ba.)

Direbanta wani dattijo ne, mutumin Damagaram, ana ce masa Baba Idi, mai sanyin magana. Na buɗe bonet, na cire kan batir kamar yadda aka koya mana, domin malaminmu kan ce wanda ya taɓa waya bai cire batir ba, ba ɗalibinsa ba ne. Daga nan na rufe bonet ɗin, na shimfiɗa tawul a kai, na jera sifana da filaya da mitar gwada wuta, manya da ƙanana, kamar mai tallar kayan koli. Ba don aiki na jera ba, don masu wucewa su gani ne.

Na leƙa ƙarƙashin sitiyari, sai ga matsalar ƙuru-ƙuru: wayar makunnin da ke bayan fedar birki ta zame. Na mayar da ita, na matse. Ko minti biyar ba a yi ba. Na zagaya bayan mota ina gyara wuyan riga, na ce, "Baba, ku taka!"

Ya taka. Shiru, ko ƙyalli babu.

"Ku saki. Ku taka!"

Babu. Na daure na yi murmushin manya. Na kwance murfin fitilun, na duba ƙwayayen a rana, lafiyarsu lau. Na kankare tsatsa, na ɗora mita, allura ko motsi. Sai na yanke hukunci cewa waya ce ta tsinke a ciki, kuma zan bi ta tun daga baya har gaba, taku bayan taku. Na kwanta a ƙarƙashin mota, na shiga warware tef, ina zaro wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda na taɓa sai na ɗaga murya, "Taka! Saki!" Tun ina cewa "ku taka" har girmamawar ta zube a hanya.

Wajen sha ɗaya Baba Idi ya leƙo ta taga. "Ɗana, da za ka ji ta tawa, na murɗa rediyo yanzu..."

"Baba, ba lokacin jin labarai ba ne. Taka!"

Can an jima ya sake cewa, "Injiniya, ni dai ina ganin a gaba..."

Na fito da kaina daga ƙarƙashin mota, fuska duk baƙin mai, na ce, "Baba, kowa da sana'arsa. Ku tuƙi ne naku, wuta tawa ce." Wallahi har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado. Dattijon ya ce, "Haka ne, Allah Ya ba da sa'a," ya ci gaba da taka birki. Awa uku bawan Allah yana takawa yana saki, har ya koma canja ƙafa.

Aka busa jiniyar hutun rana, ma'aikata suka fito za su wajen masu abinci, suka tarar da a-kori-kura hanji a waje: fitilu na reto a jikin waya, tef ko'ina, ni kuma a tsakiya. Suka kewaye mu. Sai ga Alhaji Garba ya iso yana duba agogo.

Maimakon in yi shiru, sai na miƙe na karkaɗe wando na fara lacca. Na ce wayoyin motar nan gaba ɗaya sun mutu, sai an canja su daga gaba har baya, aikin kwana uku ne. Na ƙara da cewa masu gyaran bakin titi ne suka lalata ta. Har da Turanci na sirka, don a san an yi makaranta.

Baba Idi ya sauko yana ɗingishi. Ya ce, "Alhaji, a ba ni izini." Ya kwashe kayan aikina ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye a ƙasa a hankali, ya naɗe tawul ɗin, ya ɗaga bonet. Ga kan batir can a gefe, inda na ajiye shi da hannuna tun safe. Ya ɗora shi, ya ɗan buga da tafin hannu. Rediyon da ya murɗa ɗazu ya kece da kiɗa. Ya koma ya taka birki, fitilu biyu da ke reto suka kama jajir, daidai gwiwoyina.

Dariyar da aka yi, ina jin har can unguwar Challawa an ji ta. Wani ya yi ihu, "Taka!" sauran suka amsa, "Saki!" Ni kuwa na tsaya da mita a hannu, gumi na bin bayana, ina fatan ƙasa ta tsage.

Alhaji Garba ya ce in tattara kayana. Na sunkuya na fara tsinta, idona ya ciko. Sai na ji Baba Idi yana cewa, "Alhaji, a yi masa adalci. Jiya da batir a jiki ba ta kamawa, yau ta kama. Ke nan ya gyara tun da safe. Kunne ne kawai ba shi da shi, shi kuma ana samu a hankali."

Alhaji ya ce in na mayar da kowace waya mazauninta kafin a idar da sallah, in dawo gobe. Na mayar, Baba Idi na riƙe min tef.

Shekara goma sha ɗaya na yi a masaƙar nan, kuma babu wanda ya taɓa kirana da sunan yanka. Har takardar gayyatar ɗaurin aure aka taɓa aiko min da "Malam Taka-Saki" a jiki. Tun daga ranar, in direba ya buɗe baki zai yi magana, ajiye sifana nake in saurara. Kuma kafin in zargi wayoyin kowa, sai na fara duba abin da na cire da hannuna.